Kiran Da Aka Amsa A Dutsen Baha

Faɗana da Gwadabe direba a kan suna ne, kuma a bakin titi muka yi shi, a unguwar Sharafiyya ta Jidda, inda nake shimfiɗa buhu ina sayar da kuka da daddawa da yaji. Ranar da ta gabata an yi taron suna a Waziriyya, mata cike da falo, na hango matarsa ta shigo da kula a hannu, na ce, "Mastura, zo nan kusa da ni, ga wuri." Iyakar laifina ke nan. Washegari sai ga shi ya faka motar kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa yake yi wa aiki, ya tsuguna gabana kamar mai ciniki, yana magana ta tsakanin haƙora.

"Gwaggo, so kike a kwashe mu?"

"Wa zai kwashe ku? Matan da ke falon nan, rabinsu ko takardar tsire ba su da ita."

"Ba a san mai kai magana ba. Sunanta Sajida. Ke da bakinki kika kawo shawarar."

"Na kawo. Cewa na yi a ba hukuma sunan. Ban ce ka ɗauka ka shiga da shi ɗaki ba."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya tafi, ko daddawar riyal ɗaya bai saya ba. Shekara biyu idan ya hango ni sai ya tsallaka titi.

Ga yadda abin ya faro. Su biyu ne mata a gidansu, mutanen Guri ta ƙasar Haɗeja. Sajida ce babba, Mastura ke bi mata, shekara ɗaya da rabi tsakani. Ubansu na da 'yan shanunsa, a fadama suka tashi, cikin ciyawar da idan yarinya ta shiga sai dai a gane ta da ƙwaryar da ke kanta. Sun yi kama ƙwarai: dogon wuya, wushirya, har yadda suke karkata kai idan ana musu magana. Sajida ta auri Gwadabe ya kawo ta Jidda. Shi yana cikin masu sa'a, kafilinsa, wani ɗan kwangila mai suna Thamer da ke Abhur, ya yi masa iƙama, wato katin izinin zama, shi da iyalinsa. Mastura kuwa ta yi aure a gida, auren ya mutu a shekara ta uku, ta dawo ɗakin uwarta tana saƙar faifai.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Sajida, sai aka haɗa wa Mastura kuɗin Umara ta zo jinya. Bizarta ta ƙare tana riƙe da tasa a gaban gadon yayarta, kuma ba wanda ya tuna da wata biza. Wata goma sha ɗaya ta yi tana ɗagawa tana kwantarwa. A lokacin nan Gwadabe ba ya shigowa gida bai tsokane ta ba, irin wasan miji da ƙanwar mata. "Mastura mai cin rabon mara lafiya." "Mastura, wa ya koya miki wannan miyar, a kai shi kotu?" Ita kuma ta ce, "Yaya Gwadabe, in ba ka so ka ajiye, akwai kyanwa a waje." Sajida na kwance tana dariya har tari ya sarƙe ta. Sau goma a wuni sunan nan yana fita daga bakinsa, ba ya ko jin nauyinsa.

Sajida ta cika da hantsi, ranar wata Talata. Ina gidan. Gwadabe ya zaro takardu daga ƙarƙashin katifa don ya je ya yi abin da ake yi, sai ga guda biyu a hannunsa: iƙamar wadda ta rasu, da sauran kwanaki masu yawa a kanta, da fasfon wadda ke raye, bizarsa ta daɗe da mutuwa. Hoton duka biyun fuska ce a cikin baƙin mayafi. Na dubi ta kwance, na dubi ta tsaye, na ce wadda ta tafi ba mai tare ta a hanya ya ce ina takardarki. Gwadabe ya mayar da iƙamar ƙarƙashin katifa, ya fita da fasfon. A wancan zamanin ba a fara ɗaukar hoton yatsun mata ba. Da la'asar aka binne Sajida, aka rubuta cewa Mastura ce ta mutu.

Takarda ta ce Mastura matarsa ce, zama gida ɗaya ba aure kuma ba ya yiwuwa. Bayan wata biyar aka tara maza huɗu a wani ɗaki a Waziriyya, aka rufe taga, malami ya ɗaura aure. Mastura na bayan labule ta ji an ambaci sunanta da na ubanta, a hankali, kamar ana faɗin farashin kayan sata. Tun daga ranar ba ta ƙara jin sa a bakin namiji ba.

Ta samu aikin girki a wani gida a Abhur. Kullum da safe Gwadabe ya sauke ta, da yamma ya ɗauko ta. Can ana ƙwala mata "Ya Sajida," tana amsawa. Da farko sai an kira sau biyu, har uwar gidan ta zaci kunnenta ne da matsala. Daga baya ta iya, har ta fi mai sunan saurin amsawa. Da aka zo ɗaukar yatsun mata, ta je ta ɗora nata a kan gilashi, aka haɗe su da sunan yayarta, shi ke nan. Waɗanda suka san asalin maganar tsofaffi ne irina, wasu sun mutu, wasu an kwashe su an mayar gida. Sababbin zuwa abin da suka sani shi ne ta taɓa rasa ƙanwa a nan. Sai mace ta dafa ta a wurin taro ta ce, "Allah ya jiƙan Mastura, ya kai haske kabarinta." Ita kuma ta ce amin.

Duk wannan ta iya ɗauka. Abin da ke cin ta na cikin gida ne. A waje Gwadabe na kiranta Sajida, wannan dole ne. A ɗaki kuwa, ƙofa a rufe, na'urar sanyi na ruri, ba ya kiranta Sajida, ba ya kiranta Mastura. "Ke" yake cewa. Ke, miƙo ruwa. Ke, kin ga makullina? Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, idan ta yi zazzaɓi shi ke dafa shayi. Allah bai ba su haihuwa ba, bai taɓa yi mata gori ba. Amma shekara goma sha huɗu mace na kwana da mutum tana jira ya kira ta. Ta taɓa tambayarsa sau ɗaya, ya ce idan baki ya saba a ɗaki, wata rana zai suɓuce a gaban askar, 'yan sandan ƙasar. Ta bar maganar.

Sai shekarar nan da aka yi ruwa mai yawa, wadda duwatsu suka yi kore har mutane na ta tura wa juna hotuna a waya. Thamer ya yi tafiya da iyalinsa, ya ba Gwadabe hutun kwana biyar da tsohuwar motar gidan. Gwadabe ya dawo yana fara'a ya ce, "Ke, shirya kaya. Zan kai ki ki ga ciyawa."

Mastura na tankaɗe, ta tsaya. Ta san maganar nan. A gabanta ya faɗe ta, shekarun baya, ya durƙusa a bakin gadon Sajida: ki warke kawai, akwai wata ƙasa a kudu, in an yi ruwa kamar fadamar Guri, zan kai ki ki ga ciyawa. Ita ce ma ke riƙe da kofin magani a lokacin. Yanzu ba ta san wadda yake cika wa alkawari ba. Ba ta tambaya ba. Ta soya kaza, ta dama fura ta zuba a gora, ta ce a ranta can dai ba bango, ba maƙwabci, ba askar. In har zai faɗi sunanta, can zai faɗa.

Suka bi hanyar bakin teku suka yi kudu. A shingen bincike na farko wani matashin askar ya karɓi katunan, ya leƙo. "Sajida?" Ta ce, "Aiwa." Ya ce yalla. Gwadabe bai saki numfashi ba sai da shingen ya ɓace a madubi.

Bayan sun wuce garin Lis ƙasa ta buɗe. Fili ne shimfiɗe har inda ido ya gaji, kore shar, iska na kwantar da ciyawa tana tashe ta. Raƙuma a warwatse ba makiyayi. Can gaba gonakin dawa da gero, har da rumfar mai tsaron tsuntsu. Mastura ta manna goshi a gilashi. Shekara goma sha biyar rabonta da ganin dawa a tsaye, sai dai a buhu. Ta ce ya tsaya. Ta cire takalmi ta shiga, ƙasa da sanyinta tana shiga tsakanin yatsu. Ta tsinko wata ciyawa ta murza ta sunsuna, ta ce harƙiya ce ko 'yar uwarta. Ƙarangiya ta kama mata gefen abaya, ta tsuguna tana cirewa tana dariya ita kaɗai. Ta waiwaya. Gwadabe na jingine da mota, ba kowa daga nan har gindin sama, ko tsuntsu ya yi nisa. Ta tsaya tana kallonsa, ta ba shi lokaci.

Ya ce, "Ke, taho mu tafi, rana na yi."

Suka kwana a wani ɗakin haya a bakin hanya. Rana ta biyu suka je wani wuri da aka kewaye da waya, ana kiwon namun daji don masu kallo. Mai tsaron ƙofa ya rubuta sunayensu daga kati. A ciki suka bi a hankali da mota. Jiminu biyu na tafe kamar matan da suka yi fushi da biki. Bareyi na kiwo, kowace da 'yar alamar roba a kunne mai lamba. Gwadabe ya yi dariya ya ce, "Kin ga ƙasar nan, har barewa da iƙamarta."

Mastura ta ce, "Tata ce, ko ta yayarta?"

Ya kama sitiyari da hannu biyu. Har suka fita daga wurin bai ƙara nuna mata wata dabba ba.

Rana ta uku suka hau dutse zuwa garin Baha. Hanya na nannaɗewa, kunne na toshewa. Gwaggon birai zaune a kan katangar gefen titi, uwa da ɗa a baya, wani ƙato ya miƙo hannu ya fizge ledar burodi ta taga, Gwadabe ya ce masa Allah ya isa. A sama akwai wurin shaƙatawa cikin kurmi, itatuwa masu duhu da gansakuka na reto a jikinsu, Larabawa sun shimfiɗa dardumai suna hura gawayi. Sanyi kamar ba ƙasar da Jidda take ba. Bayan azahar Mastura ta ɗauki buta ta zaga bayan wasu manyan duwatsu. Tana can gajimare ya sauko. A wurin nan haka yake yi, ba ya sallama. Kafin ta daura zani ta daina ganin butar da ke gabanta.

Ba ta ɓata ba, wannan ta rantse mini. Mota ba ta fi taku sittin ba, ta san inda ta baro ta. Tana shirin lalubawa sai ta ji muryarsa.

"Ke. Ke, kina ina?"

Ta yi shiru. A kan dutse, cikin farin duhu, mata ashirin a wurin, wace ce ke? Ya sake faɗa, ya ji da kansa ba ta da amfani. Sai ya yi tsit. Ta san yana tsaye ne baki buɗe, suna biyu a kan harshensa.

"Sajida."

Mastura ta nemi dutse ta zauna. Ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. Ta ce yau ko za a kwana a nan, ba ta amsa sunan wata.

Ya yi ta kira, yana nisa yana dawowa. Masu gawayi suka taso. Aka kira wani ma'aikacin wurin mai suna Saif, ya zo da mota mai lasifika, ya karɓi katinta a hannun Gwadabe ya karanta. Sai dutse ya ɗauka gaba ɗaya. Lasifika na cewa ya Sajida, maza na cewa ya Sajida, mata da yara na tayawa, kwari na mayarwa. Matar da aka binne ba a ambaci sunanta ba, ga shi yau mutum hamsin na nemanta a cikin gajimare.

Nan ne nake cewa tsoro ya mayar da Gwadabe wawa. Da ya ce wa Saif, a gida Mastura muke ce mata, wa zai tuhume shi? Wace mace ce a cikinmu ba ta da suna biyu, na yanka da na gida? Balarabe ma ya san wannan. Amma mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana gadin bakinsa ba ya ganin ƙofa ko a buɗe take. Kuma ya sani. Ta ce tun kira na biyar muryarsa ta canja, ta san ya gane dalilin shirun.

Sanyi ya fara shiga ƙashinta. Wani abu ya gifta ta bayanta yana huci, ta ce biri ne. Tana nan zaune, lasifika ta sake kira, aka ɗan saurara.

Daga can ƙasa, ta wajen kwarin da ba hanya, aka ce, "Na'am."

Ba da ƙarfi ba. Muryar mace, ta ja ƙarshen kalmar sama kaɗan, yadda mutum ke amsawa daga kan gado idan ba ya son a san yana jin jiki. Mastura ta yi wata goma sha ɗaya tana jin wannan amsar kullum. Ta ji mutane sun ruɗe da magana, ta ji takunsu ya juya, duka sun nufi gangaren. Cikinsu har da takun da ta sani, mai jan ƙafar hagu, yana sauri, duwatsu na gangarawa a gabansa. Gaban nan kuwa rami ne, ta gan shi da idonta kafin gajimare ya rufe.

Ba ta san ta miƙe ba. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam take cewa, kamar kowace matar kirki. Abin da ya fito daga bakinta na da ne.

"Yaya Gwadabe. Ba can ba. Ga ni nan."

Takun ya tsaya. Mutum ɗaya ce a duniya ke kiransa haka, kuma ba ita ce ke kan katin da ke hannun Saif ba. Ta ce ya daɗe a tsaye, tsakanin muryar ƙasa da ta sama, har ta fara tunanin ba ita zai zaɓa ba. Sannan ta ji yana hawowa, yana tuntuɓe. Hannunsa ya fito daga cikin farin ya kama wuyan hannunta, sanyi ƙalau. Fuskarsa jiƙe. Ya buɗe baki, ta ga leɓɓansa sun haɗu za su fara. Sai hasken fitilar Saif ya faɗo a kansu.

Gwadabe ya ce, "Ke, kin ba mu tsoro."

Saif ya yi faɗa da Larabci, ya ce a daina yin nisa idan gajimare ya sauko, ya mayar musu da kati. Da aka tambaye shi wadda ta amsa a ƙasa, ya ce wataƙila wata mai kiwon awaki ce, ko kuwa kwarin ne ke mayar da murya. Ba wanda ya sauka ya duba.

Ba su ƙarasa kwana biyar ɗin ba. A hanyar dawowa suka sake ratsa filin ciyawar, rana na faɗuwa a kansa, ba wanda ya ce a tsaya. Sun kusa Jidda ta ce, "Malam, ka ji abin da na ji?"

Ya ce, "Na ji."

"Da ban kira ka ba, da ka sauka?"

Ya yi tafiya mai nisa kafin ya ce, "Ban sani ba."

Bayan sati biyu ta ce masa gida za ta. Ba faɗa, ba kuka. Ta ce a Guri akwai sauran tsofaffin da suka san wace ce ita, tana son ta riske su da rai. Ta ce kuma fasfon Sajida ne zai fita, yayar tata ma ta gaji da zaman nan, a mayar da ita. Gwadabe ya roƙe ta kwana uku, ya yi alkawarin canja gida, ya yi alkawarin Hajji. Abu ɗaya da zai tsayar da ita bai fi ƙarfin numfashi ɗaya ba, kuma ya san shi. Daga baya ya je wurin Thamer aka yi mata takardar fita ba dawowa. Aure dai yana nan, bai sake ta ba, shi kuma bai bi ta ba. Ya ce aiki. Ni na ce akwai wadda ba ya iya bari a ƙasar nan.

Ranar tafiya suka biyo ta wurina da rana tsaka, akwatuna a bayan mota. Ta tsuguna ta riƙe hannuna, a nan ta ba ni labarin dutsen tun daga farko, shi yana tsaye gefe yana wasa da makulli. Na ƙulla mata yaji a leda, ko da yake can za ta inda ake dakansa. Gwadabe ya matso ya gaishe ni, gaisuwar farko cikin shekara biyu, ya ce, "Gwaggo, a yi mana addu'a."

Na ce, "Allah ya sauke ta lafiya. Ku tashi kada jirgi ya bar ta. Kai kuma ka fara koya wa bakinka tun a hanya, don wayar gidansu a hannun matar ƙaninta take. Ranar da ka buga aka ce wa kake nema, mata shida ne a gidan nan, kowace ke ce."